Baba na fama da ciwon zuciya, kuɗin magani ya fi ƙarfinmu: wace inshora za ta karɓe shi?

Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifinmu shekararsa 71, kafinta ne a nan Kano kafin ƙarfi ya ƙare, ba shi da fansho. Ya daɗe da hawan jini, bara kuma likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni. Ƙafafunsa na kumbura, ko masallacin ƙofar gida ya je sai ya tsaya ya huta, da dare kuwa sai an jera masa filo uku yake iya barci. Sau biyu ana ba shi gado, duka biyun bayan magani ya ƙare ba mu samu kuɗin sayen wani ba. Mu biyar ne. Ni ɗinki nake yi, yayanmu ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, sauran ukun sai a hankali. Wani ya kira ni a waya yana tallar inshorar tsofaffi ta wani kamfani. Ƙannena na cewa a sayar da gonar Baba ta ƙauye. Shi kuma Baba ya ce ba ruwansa da inshora, caca ce. Kaina ya kulle, ina neman shawara.

'Yarki daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

A duk abin da kika rubuto, magana ɗaya ce ta fi tsaya mini a rai: sau biyu aka ba shi gado, duka biyun bayan magani ya yanke. Ki riƙe wannan da kyau, domin da shi za mu auna kowace inshora da za a kawo miki.

Zuciyar da ta yi rauni tamkar injin ban-ruwa ce da ya gaji, yana aiki amma ba ya tura ruwa yadda ya kamata. Idan jini bai isa ƙoda sosai ba, sai ƙodar ta riƙa riƙe gishiri da ruwa. Ruwan nan shi ne yake sauka ƙafa ya kumbura ta, shi ne kuma yake taruwa a huhu idan Baba ya kwanta, shi ya sa yake neman filo uku. A ƙasashenmu hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen kai zuciya ga wannan hali. Magungunan da aka saba bayarwa, irin su furosemide da mutane suka fi sani da Lasix mai sa fitsari, da spironolactone, da lisinopril, da carvedilol ko bisoprolol, ba sa mayar da zuciya sabuwa. Suna rage mata nauyi ne, muddin ana shan su. Aka yi kwanaki babu su, ruwa zai dawo. Kuma kin gani da idonki, kuɗin kwanciya ɗaya a asibiti, da iskar oksijin da allurai da gwaje-gwaje da zirga-zirgar kai abinci, ya isa sayen maganin watanni. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kowane tsari ita ce: zai sa Baba ya samu maganinsa kowane wata, ya kuma ga likita a ranar da aka ba shi?

Bari in fara da mai kiran waya, don mu kawar da shi gefe. Akwai kamfanonin inshora na gaskiya masu tsarin tsofaffi, amma kamfani riba yake nema, kuma ya san dattijo mai ciwon zuciya zai ci fiye da abin da ya zuba. Don haka sukan kare kansu ta hanyoyin da mai talla ba zai faɗa miki ba sai kin tambaya. Wasu na da iyakar shekarun da suke karɓa. Wasu ba sa ɗaukar ciwon da mutum ya shigo da shi, ko su ce sai an yi watanni ana biya kafin su fara. Wasu kuma sukan yanka wa maganin ciwo mai daɗewa wani adadi a shekara, da ya ƙare shi ke nan, ku koma aljihunku. In har kina son ki saurare shi, ki ce ya turo miki takardar sharuɗɗa a rubuce, ki nemi waɗannan abubuwa uku a ciki, ki kuma tabbatar sunan kamfanin na cikin waɗanda hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta amince da su. Kada ki ɓoye ciwon Baba don a karɓe shi, ranar da kuka fi bukata za su gano su ƙi biya. Kada kuma ki tura ko kwabo zuwa asusun wani mutum da sunansa. A ganina, ga gida mai samu irin naku, wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da za a ƙwanƙwasa.

Ƙofofin gwamnati sun fi dacewa da ku, saboda ba a yi wa mutum gwajin lafiya a ce ya cika ciwo ba za a karɓe shi ba.

Ta farko kyauta ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi wani asusu da ake kira BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, aka kuma fara sa masa kuɗi a kasafin 2018. Wani babban kaso na kuɗin yana bi ta hukumomin jihohi don a yi wa marasa ƙarfi rajista ba tare da sun biya ba. Sannan dokar NHIA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta ambaci tsofaffi ƙarara cikin masu rauni, tare da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu juna biyu, da masu bukata ta musamman, da matalauta. Ke nan Baba ba alfarma zai je nema ba, doka ta san da shi. A Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016, ita ke riƙe da wannan rajista. Masu karatu na Kaduna su nemi KADCHMA, na Jigawa JICHMA, kowace jiha da tata.

Sai dai in gaya miki gaskiya, guraben ba su kai yawan mabukata ba, kuma ba kullum ake buɗe rajistar ba. Abin yana ci mini rai in na tuna a Gana, tun da suka kafa tsarinsu a 2003, wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin zubi gaba ɗaya, mu kuwa sai dattijo ya jira gurbi. To amma da abin da ke hannu za mu yi aiki. Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ki nemi shugaban asibitin, ki tambaye shi ko suna cikin wannan shiri da kuma yaushe za a sake ɗaukar suna. Ki sanar da mai unguwa, domin sau da yawa ta wajensu da kwamitin ci gaban mazaɓa ake tantance mabukata. Ki tafi da lambar NIN ta Baba da katinsa na asibiti da takardar sallamar da aka ba shi. In ba shi da NIN, wannan ne aikin farko a makon nan. Duk wanda ya ce ki ba shi wani abu ya sa sunan Baba a shirin kyauta, ki rabu da shi.

Ki ba da suna, amma kada ki zauna jira. Ƙofa ta biyu ita ce, hukumar jihar tana da tsarin masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa, inda mutum ke biyan kuɗin shekara da kansa. Ki je ofishinsu da ƙafarki ki ji farashin bana daga bakinsu, ki biya ta hanyar da suka tsara, ki karɓi rasit.

Ƙofa ta uku tana hannun yayanku, kuma ina zaton bai ma san da ita ba. Inshorar ma'aikacin tarayya tana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, iyaye ba sa ciki kai tsaye. Amma tsarin ya yarda ya ƙara wani da ke ƙarƙashin kulawarsa idan ya biya ƙarin kuɗi na shekara. Ya tambayi jami'in da ke kula da inshora a wurin aikinsu, ko ya je ofishin NHIA na jiha. A can kuma zai ji bayanin GIFSHIP, tsarin da aka ƙaddamar a 2020 don wanda ba ma'aikaci ba ya shiga da kansa ko wani ya biya masa. A tsarin NHIA majiyyaci kan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, sauran inshora ta ɗauka. Ki lissafa abin da kuke kashewa a kemis duk wata ki ga bambancin. Ku sani kuma, ba ranar da aka biya ake fara cin moriya ba, akwai lokacin jira kafin suna ya fito a asibiti. Shi ya sa ba na so ku bari sai ƙafa ta sake kumbura.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke yin tuntuɓe, kuma nan nake so ki fi natsuwa. Ranar rajista za a ce ki zaɓi asibiti. Yawanci sai a zaɓi mafi kusa da gida a wuce. Ga mai ciwon zuciya wannan zaɓi ya kusa fin zaɓin inshorar kanta muhimmanci.

Ga yadda abin yake tafiya. Asibitin da kika zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke rajista a wurinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Daga cikin kuɗin nan zai duba mutum ya ba shi magungunan yau da kullum. Ganin likitan zuciya, da hoton zuciya da ake ce wa eko, da kwanciya mai nauyi, waɗannan mataki na biyu ne, ana biyan su daban, kuma sai asibitin farko ya rubuta takardar turawa an samo lambar izini daga hukumar jiha ko kamfanin da ke tsakanin asibiti da hukumar inshora, wanda ake kira HMO. Kin ga ke nan ƙaramin asibitin da kuɗinsa na wata bai taka kara ya karya ba, idan aka kawo masa dattijo mai shan magani kala huɗu ko biyar, abu ne mai sauƙi ki ji an ce "babu, ku saya a waje". Na san gidajen da suka yi rajista da murna, wata uku suka jefar da katin a durowa saboda wannan kalma.

Don haka kafin ki rubuta sunan asibiti, ki je can da kanki. Ki kwashi fankon kwalayen maganin Baba a leda, ki tsaya a tagar ɗakin magani na masu inshora, ki zube su gaban mai ba da magani ki ce: "Cikin waɗannan wanne kuke da shi yau, wanne ne yake yawan yankewa?" Ki tambayi masu jira a benci, su ne za su gaya miki abin da ma'aikaci ba zai faɗa ba. Ki tambaya ina suke tura masu ciwon zuciya, kuma kwana nawa lambar izini ke ɗauka. In tsarin da kuka shiga ya ba ku damar zaɓar babban asibiti tun farko, irin Asibitin Murtala ko na Nasarawa ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, musamman wanda fayil ɗin Baba yake can, to kuɗin Adaidaita ya fi sauƙi a kan yawon neman takardar turawa da majiyyaci mai haki. In kuwa shirin kyauta ne ya ɗaure ku da asibitin mazaɓa, ki nemi takardar turawa tun Baba na kan ƙafafunsa, a buɗe masa hanya zuwa asibitin zuciya kafin rana ta ɓaci.

Sannan ki yi magana da likitansa a fili, ba kunya. Ki ce masa ga halin da kuke ciki, ga inshorar da kuka shiga, ya taimaka ya rubuta maganin da ke cikin jerin inshora da asalin sunansa. Magani ɗaya kan zo da sunayen kamfanoni daban-daban, farashin wani ya ninka na wani, alhali sinadarin ɗaya ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wasu manyan kamfanonin magani na waje irin su GSK suka tattara nasu ya nasu, wannan tazara ta ƙara faɗi. Likita ne zai ce wanne za a iya musanyawa, wanne ba za a taɓa ba. Kada yaron kemis ya yanke wannan hukunci, kada ku ma ku yanke shi a gida. Abin da za ku saya a waje, ku saya a kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Idan aka hana ku abin da ke cikin haƙƙinku, akwai teburin masu inshora a asibiti, akwai kuma ofishin hukumar. Ki rubuta rana da abin da aka ce miki, ki kai ƙorafi cikin ladabi, ki sake komawa in ba a yi komai ba.

Ba zan rufe ki ba, babu ɗaya cikin tsare-tsaren nan da zai ɗauke komai. Babbar tiyatar zuciya, ko sa na'urar daidaita bugu, ko wasu sababbin magunguna masu tsada, kada ku sa rai. Wasu manyan hotunan asibiti ma raba kuɗin ake yi tsakaninku da inshora. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, kati ɗaya ba zai share hawaye duka ba. Abin da zai yi muku shi ne ya rage nauyin wata-wata har ya zama abin da mutum biyar za su iya ɗauka.

Wannan ya kawo mu maganar gona. Kada a sayar. Ciwon Baba na zama ne, kuɗin gona kuwa na ƙarewa ne. In an sayar yau, shekara ɗaya ko biyu kuɗin sun narke, wani ya ara, wani biki ya taso, a wayi gari ba gona ba magani. In ana noma ta, a ware wani abu daga amfanin don jinya. In ba a nomawa, a ba da ita haya. Kuma gonar tasa ce, yana raye da hankalinsa, ba a yin cinikinta a bayan idonsa.

Abin da nake so ku yi shi ne ku zauna ku biyar, ke ki zo da lissafi a takarda: ga kuɗin inshora na shekara, ga abin da zai rage na magani duk wata, ga kuɗin mota, ga gwajin ƙoda da likita zai riƙa nema lokaci-lokaci saboda irin magungunan da yake sha. Kowa ya faɗi abin da zai iya da bakinsa, komai ƙanƙantarsa, a sa rana ɗaya a wata. Yaya ya ɗauki kuɗin shekara tunda shi ke da albashi. Wanda ba shi da kuɗi ya ɗauki kai Baba asibiti da bin layin kati, wannan ma zubi ne, kuma ke zai ba ki damar zama kan kekenki. Farkon abin da asusun zai saya shi ne maganin wata guda na ajiya. A riƙa shan na ajiyar ana maye gurbinsa da sabo don kada ya lalace. Ranar da aka ce babu a asibiti, ko albashi ya makara, Baba ba zai kwana ba magani ba.

Zakkarku ku 'ya'yansa ba ta zuwa gare shi, domin ciyar da shi da jinyarsa wajibinku ne gwargwadon hali. Amma ta 'yan'uwansa da abokan arziki da masu hali na unguwa ta halatta gare shi in mabukaci ne. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, akwai kuma sashen jin daɗin marasa lafiya a manyan asibitoci. Ku san ƙofofinsu tun yanzu saboda ranar da babban abu zai taso.

Sai Baba da maganar caca. Kada ku yi masa dariya, kada kuma ku yi masa rajista a ɓoye. Damuwarsa tana da tushe, malamai sun daɗe suna tattauna ta. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba ba ta halatta ba saboda rashin tabbas da ke cikinta, amma ta halatta wadda aka gina kan taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya don a agaza wa wanda larura ta samu. Tsarin jihohinmu ma na taimakekeniya ne, ana zubi a asusu ɗaya. Ki tuna masa hadisin Ash'ariyyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, mutanen da idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Amma wannan magana za ta fi shiga idan ta fito daga bakin limamin da yake bi salla ko wani amininsa. Ke ki same su a gefe ki yi musu bayani. Ki kuma lura, wani lokaci dattijon da ya ci da guminsa shekara da shekaru ba fatawa ce ke damunsa ba, nauyin da yake ganin ya ɗora wa 'ya'yansa ne. In ya ji cewa katin zai sauƙaƙa muku ne, zai fi saurin amincewa.

Akwai kuma abin da ba kati ba ne zai yi shi, gida ne. A rage masa gishiri da dunƙule, a raba shi da kanwa, domin ita ma tana sa jiki riƙe ruwa. Kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen don ciwon gwiwa ko baya, suna taɓa ƙoda su dawo da kumburi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ko wa ya kawo, a tambayi likita tukuna. Kada a daina magani don an ga ƙafa ta saɓe. In za ku iya, ku sayi ƙaramin sikeli ya riƙa hawa kowace safiya bayan ya kama ruwa, a rubuta a littafi. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ruwa ne ke taruwa, a nemi likita ba sai ranar da aka ba shi ta zo ba. Haki yana zaune, ciwon ƙirji, suma, ko tari mai kumfa, waɗannan ba a jiran lambar izini, a kai shi sashen gaggawa mafi kusa, a yi maganar takarda daga baya. Kafin azumi kuma a je a ji ta bakin likitansa.

Ranar da za ki je ofishin hukumar, ki tambayi farashin mutum biyu. Idan mahaifiyarku na nan, ita ke tashi da dare in ya tashi, kuma mai yiwuwa an daɗe ba a auna jininta ba. A auna ta, in hali ya yi a yi musu rajistar tare a asibiti ɗaya. Ki rubuto mini abin da suka ce miki game da shirin kyauta a mazaɓarku, da sunayen magungunan da aka ce babu, sai mu duba mataki na gaba. Ki gaishe mini da Baba da jiki.